Daɓe da Makuba: Tarihin Ƙasan Ɗaki a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

Idan ana zancen ginin gargajiya na Hausawa, abin da ya fi saurin faɗowa a rai shi ne soro da zankwaye da bakan-gizo, da kuma zanen da magina suke yi a fuskar zaure. Da wuya a sami wanda zai sunkuyar da kai ya dubi abin da ƙafarsa take takawa. Alhali kuwa a ƙasan ɗaki ne Bahaushe yake yin galibin rayuwarsa ta cikin gida. A nan yake zama, a nan yake cin abinci, a nan yake salla, a nan jariri yake koyon rarrafe, a nan kuma ake shimfiɗe mutum ranar da ya cika.

A 'yan shekarun nan masana gini a ƙasashe da dama suna kira da a riƙa zaɓen kayan shimfiɗar ƙasan ɗaki waɗanda ba su cutar da muhalli, watau waɗanda ake samu daga ƙasa da tsirrai, ba tare da an ƙona makamashi mai yawa wajen sarrafa su ba. Wannan kira yakan iso ƙasar Hausa kamar wani sabon abu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mutanen kudancin Katsina, musamman na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sun daɗe da irin wannan fasaha a hannunsu, ita ce daɓe. Za a bi tarihin yadda ake yin sa, da yadda siminti da leda da tayil suka ture shi, sa'an nan a auna abin da ya kamata mai gida ya duba a yau kafin ya yanke shawara.

2.0 Ƙasar da Albarkatunta

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙananan hukumomi ne a kudu maso yammacin Jihar Katsina, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumba, 1987. Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Jihar Zamfara, ita kuwa Sabuwa tana maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari. Yankin ba sabon zama ba ne. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a 1981, ya yi bayanin tsofaffin ƙasashen kudu irin su Pauwa da Kogo da Maska da Gozaki, waɗanda suka shahara da noma tun kafin jihadin 1804. Har yau hakimin Ƙanƙara yana riƙe da sarautar Sarkin Pauwa.

Abin da ya bambanta wannan yanki da arewacin Katsina shi ne ruwa da ƙasa. A arewa jigawa ce da rairayi, ruwan sama kuma bai cika yawa ba. A kudu kuwa ruwan shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, ƙasar tana da laka da jar ƙasa mai danƙo, akwai kuma marmara da burji a fako da gindin duwatsu. Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, wadda mata suka saba shafe bangon ɗaki da ita tun kafin a san fenti.

Sai kuma itatuwa. Manomin wannan yanki idan yana sharar gona ba ya sare ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka. Ɗorawa ce ta fi shafar wannan bayani. Ita ce masana tsirrai suke kira Parkia biglobosa, sunan da aka samo daga na Mungo Park, Baturen nan mai yawon binciken kogin Kwara. 'Ya'yanta suna nuna da bazara. Garinta mai launin rawaya ana sha, ƙwayarta, watau kalwa, ana dafawa a yi daddawa, ɓawon kuma shi ne tushen makuba. Saboda wannan amfani ne ya sa ake gadon ɗorawa kamar yadda ake gadon gona. Duk abin da daɓe yake bukata, ke nan, yana nan tsakanin bayan gari da gona: tsakuwa, ruwa, ɓawon ɗorawa, da icen da masassaƙi zai sassaƙa madaɓi.

3.0 Yadda Ake Yin Daɓe

Kalmar daɓe tana nufin aikin, tana kuma nufin abin da aikin ya haifar. Daga tushenta aka samo madaɓi, watau guntun ice mai faɗin ciki da mariƙi, wanda ake bugun ƙasa da shi. Kalmar tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934, haka ma makuba, abin da yake nuna cewa masu tattara kalmomi sun tarar da sana'ar da ranta.

Da rani ake yin daɓe, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da hannu ya sami sarari, iska kuma ta bushe. Bayan magini ya gama bango an ɗora jinka ko an rufe soro, sai a share cikin ɗakin, a cike ramuka, a daidaita ƙasa. Maza da samari su ne sukan haƙo tsakuwa ko burji su kawo a kan jakuna cikin mangala. Sai a tsince manyan duwatsu, a baza sauran a ɗakin daidai wa daida, a yayyafa ruwa, a bar shi ya kwana domin ya jiƙu har ciki.

Kafin wannan rana an riga an tanadi makuba. Ana tara ɓawon ɗorawa tun lokacin da aka sussuke kalwa, a ajiye. Idan bukata ta zo sai a daddaka shi a jiƙa a tukunya ko randa na 'yan kwanaki, ko kuwa a tafasa, har ruwan ya rine ya koma ja mai duhu. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci akan yi amfani da 'ya'yan bagaruwa, waɗanda majema suke jeme fata da su. Dalilin da ya sa waɗannan biyu suke iya maye gurbin juna shi ne dukkansu suna ɗauke da wani sinadari mai ɗaure baki da ake kira tanin, wanda yake kama ƙwayoyin ƙasa ya rage mata shan ruwa.

Da gari ya waye sai mata su shiga ɗakin, su durƙusa a jere, kowace da madaɓinta. Sukan fara daga ƙuryar ɗaki suna ja da baya zuwa bakin ƙofa, suna bugu tare, ana yayyafa ruwa duk inda ya nemi bushewa. Ba zagaye ɗaya ake yi ba. Ana komawa a sake bi har tsakuwar ta nutse, laka ta taso sama, fuskar ɗakin ta yi sumul. Daga nan sai a shiga zuba ruwan makuba ana ci gaba da bugu, wasu kuma su bi da dutse mai sulɓi suna gogewa. Sai a rufe ɗakin a hana yara da kaji shiga har ya bushe a hankali, domin wanda ya bushe da gaggawa shi ne yake tsagewa. Daɓen da ya sha makuba sosai yakan fito da launin hanta, yana ƙyalli, ana share shi ba tare da ƙura ta tashi ba.

Ya kamata a bambanta daɓe da sauran fasahohin da suka danganci ƙasa. Yaɓe na bango ne. Laso kuwa, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, shi ne simintin magina na da, ana shafe rufin soro da ramukan marina da shi. A masallatai da zaurukan sarauta akan baza rairayi mai laushi. Daɓe shi ne na ɗakin kwana da tsakar gida, wani lokaci har da wurin shanya hatsi. A kansa ne ake shimfiɗa tabarmar kaba da buzu, mai hali kuma ya ɗora darduma.

4.0 Daɓe a Zaman Jama'a

A al'adar Hausa gini na maza ne. Magina suna da sarkinsu, suna gadon sana'ar daga iyaye, tarihi kuma ya riƙe sunayen gwanayensu, kamar Babban Gwani Mika'ilu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Daɓe kuwa na mata ne, ba shi da sarauta, ba a kuma biyan lada a kansa. Gayya ake yi. Uwar gida takan aika wa maƙwabta da dangi da ƙawaye, ta dama fura ko kunu, ta tuƙa tuwo, ta raba goro. Wadda ta zo yau ta san ranar da nata ɗakin ya tashi za a zo mata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daɓen da ya fi kowane armashi shi ne na ɗakin amarya. Ba a yin jere sai an yi shi, domin a kansa za a kafa gado a jera tasoshi da kwanoni. Kyawunsa kuwa shaida ce a kan dangin da suka yi shi. Idan 'yan kai amarya suka tarar da daɓe mai gargada ko mai ɓarewa, maganar ba ta ƙarewa a ranar.

A nan ne kuma adabi ya shigo. Masu nazarin waƙoƙin baka suna lissafa waƙoƙin daɓe a cikin waƙoƙin aiki na mata, tare da na daka da na niƙa da na reno. Mace ɗaya takan ba da waƙa saura su amsa, ƙarar madaɓai kuma ita ce kiɗan. Amfanin waƙar ya wuce ɗebe gajiya. Ita ce take daidaita bugun, domin idan hannuwa suka saɓa, wani wuri zai fi wani matsuwa, daɓen ya fito da tudu da kwari. Ta cikin waƙar ce kuma mata suke yabon amarya, su yi mata gargaɗi a kan zaman aure, su yi wa kishiya habaici, su taɓa miji marowaci, abubuwan da ba su faɗuwa a zance na yau da kullum. Saboda haka ɗakin da ake daɓewa makaranta ce ga 'yan matan da suke ɗauko ruwa suna saurare.

5.0 Zuwan Siminti

Simintin da aka sani a yau an yi masa rajista a Ingila a 1824, a hannun wani magini mai suna Joseph Aspdin. Bai iso ƙasar Hausa da yawa ba sai bayan da Turawa suka ci ƙasar a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. A kudancin Katsina auduga ce ta buɗe masa hanya. An kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka kuma buɗe gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari a cikin shekarun 1920. Hanyar jirgin da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Jirgin da yake fita da auduga da gyaɗa shi ne yake komowa da kwanon rufi da siminti.

Da farko siminti na gwamnati ne da kamfanoni da En'e. Da shi aka yi tashoshi da ofisoshi da ɗakunan shan magani da makarantu. A irin waɗannan wurare ne talaka ya fara taka shi, ya kuma fara danganta shi da mulki da ilmin zamani. Daga baya attajirai da ma'aikata suka shigar da shi gidajensu. Aka fara yin sa a cikin Nijeriya a Nkalagu a 1957, sai Ewekoro a 1960. Masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979.

Shekarun 1970 su ne suka juya al'amarin gaba ɗaya. Kuɗin man fetur ya shigo, ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji a 1975, kowa ya tashi gini. A wannan shekara ce hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke fiye da kimanin tan miliyan 1 a shekara, har jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku suna jiran layi. Wannan ya nuna irin ƙishirwar da ƙasar take yi wa siminti a lokacin. A ƙauyuka, ko wanda bai iya ginin bulo ba yakan yi ƙoƙarin sayen buhu biyu ko uku ya shafe ƙasan ɗakin amaryarsa.

Ba a banza mutane suka karɓe shi ba. Siminti yana jure ruwa, ana wanke shi, gara da ɓera ba su huda shi da sauƙi, birkila ɗaya da yaronsa suna gama ɗaki a yini guda. Amma da shigowarsa aiki ya bar hannun mata ya koma hannun maza, ya bar gayya ya koma kuɗi, kayan aiki kuma suka bar bayan gari suka koma kanti. Harshe ya adana alamar wannan sauyi. Har yau ana cewa an yi wa ɗaki daɓen siminti, ko da yake babu madaɓin da ya taɓa shi, babu kuma waƙar da aka yi a kansa.

6.0 Leda da Kafet da Tayil

Siminti yana da sanyi da hunturu, yana riƙe zafi da bazara, idan kuma aka yi rowar haɗi ba ya daɗewa yake farfashewa. Domin rufe wannan aibi ne ledar ɗaki ta shigo, ta zama ɗaya daga cikin kayan da iyayen amarya suke saye. Asalin irin wannan shimfiɗa shi ne linoliyam, wanda Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila a cikin shekarun 1860, daga man tsiro da garin ɓawon itace da algarara. Amma ledar da ta cika kasuwannin Funtuwa da Ƙanƙara roba ce da ake kira PVC, wadda ake samu daga man fetur. Ba ta ruɓewa a ƙasa, idan an ƙona ta kuma hayaƙinta guba ne. Tana yagewa cikin 'yan shekaru, danshi kuma yakan taru a ƙarƙashinta. Haka tabarmar roba ta rage wa masu saƙar kaba kasuwa.

Bayan leda sai kafet, wanda yake tara ƙura a ƙasar da take fama da hazo wata uku ko huɗu a shekara. Daga bisani tayil ya zama abin yayi, musamman bayan da mai araha ya fara shigowa daga ƙasar Sin. Tayil yana da tsabta da ƙarko, sai dai ana gasa shi a wuta mai zafin da ya haura digiri 1,000, ana ɗora shi a kan siminti, yana kuma da santsi ga tsofaffi da yara. Akwai abin lura a nan. Farar ƙasa irin ta Ƙanƙara tana cikin kayan da masana'antu suke yin tangaran da tayil da fenti da su. Ana haƙar ta a fita da ita da arha, mutanen wurin kuma su sayi abin da aka sarrafa da tsada.

7.0 Ma'aunin Zaɓi

Masu nazarin muhalli suna auna kowane kayan gini da tambayoyi biyar. Daga ina ya fito? Wace irin wuta aka ƙona kafin a same shi? Me yake fitarwa a cikin ɗaki? Shekara nawa yake yi, kuma ana iya gyara shi? Ina za shi idan ya mutu?

Siminti yana faɗuwa a tambaya ta biyu. Ana gasa dutsensa a zafin da ya kai digiri 1,450, masana'antunsa kuma suna fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam yake saki a duniya, iskar da take haddasa ɗumamar yanayi. Leda tana faɗuwa a ta farko da ta ƙarshe. Abubuwan da ake yabo a Turai, kamar katako da gora da ɓawon wani itace da ake ɓarewa duk shekara 9 a Fotugal, sun dace da can. A Faskari kuwa katako abincin gara ne, ga dazuzzuka suna ƙarewa, sauran kuma sai an yi musu dakon dubban kilomitoci. Abin da ya dace da muhalli a wata ƙasa ba lalle ne ya dace a wata ba.

Daɓe yana amsa huɗu daga cikin tambayoyin nan ba tare da wahala ba. Kayansa na kusa ne, wutar da yake ci ba ta wuce ta tafasa makuba ba, ba ya fitar da wari ko guba, ranar da ɗaki ya rushe kuma ƙasa ta koma ƙasa. Rauninsa yana wajen ƙarko. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, ƙafar gadon ƙarfe tana ƙwaƙule shi, kuma yana bukatar a sake ba shi makuba lokaci-lokaci. Daɓen da aka yi sakaci da shi yakan koma turɓaya, ya zama maɓoyar ƙuma.

Wannan rauni ya shafi lafiya, bai kamata a rufe shi domin son al'ada ba. A ƙasar Meziko an fara wani shiri mai suna Piso Firme a jihar Coahuila a 2000, inda aka zuba siminti a gidajen talakawa masu ƙasan turɓaya. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa inda aka rufe ƙasan gida gaba ɗaya, tsutsar ciki ga ƙananan yara ta ragu da kashi 78 cikin 100, gudawa kuma da kashi 49. Darasin da ke ciki shi ne yaro mai rarrafe yana bukatar ƙasa mai tauri wadda ake iya gogewa. A Ruwanda an nemi wannan tauri ta wata hanya. Wata ƙungiya mai suna EarthEnable, wadda aka kafa a 2014, tana daɓe ɗakuna da burji da yashi da laka, sa'an nan ta shafe su da wani mai na tsiro wanda yake daskarewa idan ya sha iska, a kan kuɗin da bai kai na siminti ba. Duk wanda ya san daɓe zai gane aikin da ganin farko. Bambancin kawai shi ne abin da aka rufe fuskar da shi.

A nan gida ma injiniyoyi, kamar na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, sun gwada ruwan ɓawon ɗorawa a tubalin jar ƙasa, suka tarar yana ƙara masa ƙarfi. A Jamhuriyar Nijar kuwa masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, abin da ya nuna cewa ginin ƙasa na Hausawa yana iya tsayawa a gaban alƙalan duniya.

Saboda haka mai gida ba dole ne ya zaɓi abu ɗaya ga gida duka ba. Makewayi da madafa da gindin randa, inda ruwa yake zuba kullum, siminti ko tayil ne ya dace da su. Ɗakin kwana da rumfa da zaure kuwa suna iya ɗaukar daɓe, muddin an ɗaga shi sama da tsakar gida, an sa dakali a bakin ƙofa, rufi ba ya yoyo, ana kuma sabunta makuba. Tabarmar kaba da buzu sun fi leda dacewa da shi, domin suna barin ƙasa ta sha iska. Ga wanda ya ga buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, wannan lissafi ya shafi aljihu kamar yadda ya shafi muhalli.

8.0 Abin da Ke Barazana ga Daɓe

Daɓe yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: itace, da sani, da zaman tare. Dukkansu suna girgiɗi. Ɗorawa tana daɗewa kafin ta fara 'ya'ya, tsofaffin suna faɗawa hannun masu gawayi da masu katako, sababbi kuma ba a cika dasawa ba. Dunƙulen miya na kanti ya rage wa daddawa daraja a birane, duk abin da ya rage darajar kalwa kuwa ya rage dalilin barin itacen a gona. Sani yana hannun tsofaffin mata, 'yan matan da suka tashi a ɗakin siminti kuma ba su taɓa riƙe madaɓi ba.

Na ukun shi ne mafi ciwo. Ƙananan hukumomin nan uku suna cikin waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba a Jihar Katsina. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Ƙauyuka da yawa a Faskari da Sabuwa sun ga mutanensu sun yi hijira zuwa manyan garuruwa. Ƙananan ƙauyuka da unguwannin Maguzawa, inda daɓe ya fi daɗewa, su ne suka fi zama a bakin daji. Matar da ta baro gidanta ta shiga ɗakin haya a Funtuwa ba ta da ɗorawa, ba ta da maƙwabtan da za ta gayyata, ba ta kuma da ɗakin da za ta daɓe.

9.0 Kammalawa

An ga yadda ƙasan ɗaki a kudancin Katsina ya tashi daga daɓe zuwa siminti, daga siminti zuwa leda da tayil, cikin abin da bai wuce shekara 100 ba. Kowane mataki ya zo da amfaninsa, ya kuma ɗauke wani abu: na farko ya ɗauke gayya da waƙa, na biyu ya kawo sharar da ba ta ruɓewa, dukkansu kuma sun mai da abin da ake samu a bayan gari ya zama abin saye.

Aikin da ke gaba a fili yake. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i su ɗauki waƙoƙin daɓe da kalmominsa daga bakin tsofaffin mata, har da waɗanda suke zaman hijira, tun suna raye. Sassan gine-gine da na kimiyya su auna makuba, su fitar da ƙa'idar haɗinta, su gwada ta da mayukan tsirrai na gida domin a sami daɓen da ake iya wankewa. Hukumomin gona da na daji su sa ɗorawa a sahun farko na itatuwan da ake rabawa domin dashe. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tarar da ita a cikin tulu. Madaɓai suna nan rataye a wasu ɗakuna, matan da suka san bugunsu kuma ba su ƙare ba tukuna.